Tsohon CG ɗina yana wani kuka "wiiii" in na ɗau gudu, bakanike biyu sun duba ba a gano ba

MalaminFiramare:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar babur ku taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sukuni wallahi.

Babur ɗin Honda CG125 ne tsohon yayi mai giya huɗu, na mahaifina ne Allah ya jiƙansa, tun ina yaro yake hannunsa, bayan rasuwarsa 'yan uwa suka bar min shi tunda ni ne mai zirga-zirga a gidan. Kullum da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa a wani ƙauye bayan Kazaure, kusan kilomita 18 zuwa, 18 dawowa, rabin hanyar kwalta ce rabi burji, da damina ma akwai wani wuri da sai ka ratsa ruwa.

Yau sati uku kenan ya fara wani kuka. Ba ƙwanƙwasa ba ce, ba kuma ƙarar tafet ba, wannan na san ta. Wani siririn kuka ne kamar sauro ya zo maka kunne, in mita ta kai 40 sai ya fara, in na kai 60 ya koma kamar injin markaɗe ana jiyo shi daga bayan layi, in na rage zuwa ƙasa da 30 sai ya ɓace kamar ba a yi ba. In ina tsaye na murɗa totur bana jin shi, ko dai ƙarar salansa ce take danne shi oho. A kunnena dai daga ƙasan tanki yake fitowa, wajen injin. Abin da ya ɗaure min kai shi ne babur ɗin ƙarfinsa bai ragu ba, kik ɗaya yake tashi da safe, ba hayaƙi, man da yake sha bai ƙaru ba, baƙin mai kuma duk wata nake canzawa da 20W-50 kamar yadda na ga Baba yana yi.

Na kai wa bakanike na farko yace kaca ce ta bushe, ya wanke ta da fetur ya sa mata mai ya ɗaure ta sosai, to daga ranar sai kukan ma ya ƙaru. Na kai wa na biyu yace boris ɗin tayar gaba ne, na saya aka canza, ina hawa kwalta kukan ya dawo yadda yake. Yanzu shi na biyun cewa yake ba makawa cikin giya ne sai an sauke injin an buɗe a gani, kuma tun kafin a buɗe ya faɗa min in shirya kuɗi don ba a san me za a tarar ba.

Ni gaskiya tsoron buɗe injin nan nake, tun yana hannun Baba ringi kawai aka taɓa canza masa, ƙasan injin ba a taɓa raba shi ba, kuma kowa ya san kayan da ke kasuwa yanzu ba irin na cikinsa ba ne. Amma kuma ina tsoron in ci gaba da hawa wani abu ya riƙe ina kan gudu, wani lokacin har da yara biyu nake ɗaukowa 'yan makwabta da ke makarantar tamu. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan? In bari a buɗe ne ko akwai abin da zan gwada tukuna?

Mai_Boxer:

Wa alaikumussalam malam. Ka duba wayar mita kafin komai. Nawa ya taɓa yi min haka sak, da sanyin hunturu ya fi yi, wayar ce ta bushe a cikin kubenta take ta kuka kuma sai ka rantse daga injin ne. Kwance ta daga wajen tayar gaba ka ɗaure ta da igiya a jikin shokozoba kar ta shiga sifoks, ka hau ka ji. In ya daina to ka zare zaren cikin ka wanke ka shafa giris kaɗan ka mayar, shikenan. Minti biyar ne kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Ka lura ko allurar mitar tana rawa lokacin da kukan yake, nawa tana yi.

Sabon_Hannu:

Gaskiya malam babur ɗin ya tsufa ne kawai, giyar ce ta cinye. Wani abokina man giya na mota mai kauri ya zuba wa nasa ƙarar ta ragu. Ko ka gwada, in ya yi shiru ka sayar ka cika ka sayi sabo ka huta

Baban_Gareji:

Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Malam Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma bar maka baburin da albarka.

Bari in fara da maganar yaron nan da ke sama don kar wani ya karanta ya ɗauka. Kar ka kuskura ka zuba man giya na mota a CG. Injin da kuloci da giya duk mai ɗaya suke sha a babur ɗin nan, kusan lita ɗaya ce gaba ɗaya, famfo ne yake tura shi ta ƙananan hanyoyi har sama wajen bawul, in ka sa mai kauri irin wancan da safe kafin ya hau sama ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Kuma rufe ƙara don a sayar wa wani bawan Allah ba daidai ba ne, ɗana ka daina ba da wannan shawarar.

To malam, ni shekaru na fi talatin ina riƙe da sifana, kuma abin da nake faɗa wa yaran garejina kullum shi ne babur gudu biyu gare shi, akwai gudun injin akwai gudun taya, kuma kowane kuka ɗaya yake bi daga cikinsu. Kafin a taɓa noti ko ɗaya sai an san wanne yake bi. Wanda bai raba wannan ba yace a sauke injin, kamar mai ciwon ƙafa ne a ce za a yi masa aiki a ciki. Daga bayaninka ma ka riga ka ba da rabin amsa ba ka lura ba, ka ce a 40 yake farawa, ba ka ce a giya kaza ba, kuma ka ce a tsaye baya yi.

Ga abin da nake so ka yi gobe a hanyarka, a wurin da ba motoci kuma kai kaɗai ba tare da yaran ba. Ka kai gudun da kukan ya fito sosai, sai ka matse kuloci ka saki totur. Injin zai faɗo ƙasa amma taya tana nan da gudunta. In kukan ya faɗo tare da injin to na injin ne, in ya tsaya yadda yake sai a hankali yake raguwa yadda baburin yake rage gudu, to ba ruwan fistin da kiranshaf da kuloci. Bayan nan ka riƙe 50 a giya uku ka saurara, ka riƙe 50 ɗin dai a giya huɗu ka saurara, in muryar kukan ɗaya ce a duka biyun, taya yake bi. Sannan Kazaure ba a rasa gangara, ka samu mai ɗan tsawo ka sa a firi ka kashe injin gaba ɗaya ka gangara, birkinka na waya da sanda ne ba ruwansa da injin zai kama. A nan ne za ka ji gaskiya domin ba salansa ba komai, sai iska da abin da ke kukan.

Amma ka sani, ko da injin a kashe kaca tana juyawa, ƙaramin siroket na gaba yana juyawa, shaf ɗin da yake kai wanda ya shiga cikin giya shi ma yana juyawa a kan boris ɗinsa. Don haka in kukan ya ci gaba da injin a kashe, waɗanda ake tuhuma biyar ne, wayar mita da giyarta kamar yadda Mai_Boxer ya faɗa kuma maganarsa gaskiya ce ka fara da ita, boris ɗin gaba wanda an riga an canza, boris ɗin baya, kaca da siroket, sai boris ɗin shaf ɗin can. Guda ɗaya ne kacal a cikinsu yake buƙatar a raba injin, shi ma akwai yadda ake gane shi daga waje.

Maganar da ka yi cewa daga ƙasan tanki kake jin shi, kar ka dogara da ita. Firem ƙarfe ne, ƙara tana bin ƙarfe ta fito inda ba nan take ba, tanki kuma in ba a cike yake ba kamar ganga yake, yana ƙara mata murya. Na sha ganin wanda ya rantse injin ne ashe a baya abin yake.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk bayaninka shi ne da aka ɗaure kaca kukan ya ƙaru. Wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Ka faɗa min, an taɓa kwance tayar baya a 'yan watannin nan? Ba faci kaɗai ba, ina nufin an taɓa hob ɗin, wato cibiyar tayar da boris suke ciki, ko sifoks, ko boris, ko lainin birki?

MalaminFiramare:

Baba na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya, amin ga addu'ar da kuka yi wa mahaifina. Yau na yi duk abin da kuka ce. Na fara da wayar mita, na kwance ta na hau, kukan yana nan, Mai_Boxer na gode duk da haka na wanke ta na sa giris don ta bushe sosai da ma. Da na matse kuloci a 60 injin ya yi ƙasa amma kukan ko gezau, a giya uku da huɗu murya ɗaya ce. A gangara da injin a kashe kuwa wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, ashe ƙarar tana da yawa haka, kuma ba wiiii kaɗai ba ce akwai wani gurrr a ƙarƙashinta da ban taɓa ji ba, kuma yanzu kam kamar daga baya-baya nake jiyo ta.

Tambayarku kuma eh an taɓa. Wata huɗu da suka wuce sifoks uku suka karye min a burji ranar kasuwa, na tsaya wajen wani mai gyara a bakin kasuwar ya kwance tayar ya ɗaura sababbi, yace boris ɗin ma sun fara wasa gara a canza tunda an riga an kwance, na ce to. Ban kawo shi a lissafi ba ne saboda sababbi ne, na ɗauka sabon abu ba zai yi kuka ba.

Tsohon_DanAcaba:

Malam sannu da fama. Ni na yi acaɓa a cikin Kano shekara tara har zuwa Janairun 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, kuma in akwai abin da ya ci min kuɗi a wancan lokacin to ɗaure kaca ne. Yaran gareji da yawa a kan babban jak suke ɗaurewa ba kowa a kai, su ja ta sai ta zama kamar tsirkiyar garaya su ce ta yi kyau, to kai kuma kana hawa ka ɗauki mutum a baya shokozoba ta zauna sai tazarar siroket biyun ta ƙaru kacar ta ƙara tsukewa, duk ramin da ka faɗa jan ƙarfi take yi wa boris ɗin baya da na cikin giya. Ni sai da na kashe boris kusan sau huɗu a shekara ɗaya kafin wani dattijo ya nuna min.

Ka bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu, santimita 2 zuwa 3 a tsakiyar ta ƙasa, kuma ka riƙa juya tayar kana taɓawa wuri-wuri domin tsohuwar kaca bata cinyewa daidai, wani wuri sako-sako wani wuri a tsuke, a wurin da ya fi tsukewa ake aunawa. In ka gama ka sa wani ya zauna a kai ka sake taɓawa ka tabbatar da saura wasa. Ka duba layukan da ke jikin ƙarfen baya ta hagu da dama su zama daidai kar tayar ta karkace. Sannan masu wankin babur da injin feshi, ka hana su saita ruwan a tsakiyar taya, yana kora giris ya bar ruwa a ciki, ga shi kuma ka ce kana ratsa ruwa da damina. Ni dai ka sassauta kacar nan yau-yau ko kafin a gano sauran

Baban_Gareji:

Alhamdulillah, to ka ga injin ya fita daga zargi, a bar shi a rufe yadda mahaifinka ya bar shi. Maganar Tsohon_DanAcaba duk haka take, ka sassauta kacar.

Sabon boris yana mutuwa a wata huɗu malam, har a sati huɗu ma, kuma hanyoyin mutuwarsa uku ne da na sani. Ko dai jabu ne tun daga kwali, ko wajen sa shi an buga guduma a zoben ciki ƙwallayen suka yi wa hanyarsu tabo, ko kuma abin da nake zargi a naka, an manta kwala. A cikin hob tsakanin boris na hagu da na dama akwai wani ɗan bututun ƙarfe da shaf yake ratsawa ta cikinsa, shi muke ce wa kwala. In an fitar da tsofaffin boris yakan faɗo ƙasa, in mai gyaran yana sauri ranar kasuwa mutane sun yi layi sai ya buga sababbi ya manta da shi a cikin ƙasa, kuma taya zata ɗauru lafiya lau ba wanda zai gane. Aikin bututun nan shi ne in ka ɗaure notin shaf, ƙarfin ɗaurin ya bi ta zoben ciki na boris ɗaya, ya bi ta kwala, ya fita ta zoben ciki na ɗayan, ƙwallaye ba su san ana yi ba. In babu shi, notin sai ya matso zoben cikin biyu zuwa tsakiya alhali na waje suna zaune a mazauninsu, ƙwallayen su koma suna gudu a gefen hanya a matse. Farko shiru, sai zafi ya narkar da giris, sai kuka ya fara. Da aka zo aka ƙara tsuke kaca kuma sai aka ɗora masa kaya a kan kaya, shi ya sa ka ji ya ƙaru.

Ba na cewa tabbas shi ne tunda ban ga baburin ba, amma ga yadda za ka gane da hannunka. Ka yi tafiyar kilomita biyar ko shida ka tsaya da birkin gaba kaɗai, kar ka taka na baya ko sau ɗaya domin shi ma yana ɗumama hob, ka sauka ka taɓa tsakiyar tayar baya wajen shaf. In da zafi alhali ba ka taka birki ba, magana ta fito. A gida kuma ka ɗora shi a babban jak, injin a kashe, na sake faɗa a kashe, kar ka taɓa kai hannu kusa da kaca injin yana aiki a giya, na san mutum fiye da ɗaya da ya bar yatsunsa a siroket wajen goge kaca da tsumma. Ka cire makullin kacar ka sauke ta, ka juya tayar da hannu ka ɗora bakin doguwar sukudireba a kan shaf, ƙotar a kunnenka. Lafiyayyen boris shuuu kawai yake yi, wanda ya mutu kamar an zuba masa yashi. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko akwai wasa. Sannan ka sassauta notin shaf ka juya, ka ɗaure ka sake juyawa, in a sassauce tana gudu a ɗaure kuma ta yi nauyi, to kwala babu ko kuma an sa gajere.

Tunda kacar tana ƙasa, ka buɗe murfin ƙaramin siroket ka kama shi ka girgiza sama da ƙasa, ɗan wasan siroket a kan haƙoran shaf ba komai ba ne, shaf ɗin kansa ne bai kamata ya motsa ba. Ka juya shi a firi ka ji ko yana gurzawa, ka duba ko baƙin mai yana tsatsafowa ta sil ɗin bayansa. In ba motsi ba gurza ba yoyo, ka gode wa Allah, boris ɗin cikin giya lafiyarsa ƙalau.

In za ka sayi boris ka tafi da tsohon a hannu, lambarsa tana rubuce a gefe, irin su 6301, 6202, 6302. Lambobi biyun ƙarshe faɗin ramin ne, 01 milimita 12, 02 milimita 15, 03 milimita 17. Ka nemi wanda aka rubuta 2RS a bayan lambar, shi ne mai murfin roba gefe biyu, ya fi mai murfin ƙarfe hana ƙura da ruwa shiga, kuma hanyarka ta burji ce. Wajen sawa ka tsaya a kansu, a zoben waje kaɗai ake bugawa, da tsohon boris ko soket mai faɗinsa, a hankali har ya zauna. Kuma yaran nan kar ka sake ɗaukar su sai an gama, boris ɗin baya in ya watse taya tana iya riƙewa.

MalaminFiramare:

Jama'a Alhamdulillah an gano. Baba wallahi kamar kuna wurin.

Ranar Juma'a na yi gwajin birkin gaba, na taɓa hob ɗin baya sai da na janye hannu don zafi. Jiya Asabar ni da ƙanena muka sauke kaca, da sukudireba a kunne kamar ana niƙa tsakuwa, da na sassauta noti tayar ta yi ta juyawa, ina ɗaurewa ko zagaye biyu bata yi take tsayawa. Muka zare shaf na leƙa da fitilar waya, daga boris ɗin nan har wancan fili ne fayau ba bututu ba komai. Na ɓangaren kaca da aka fito da shi giris ɗin ya ƙone ya zama baƙi ƙirin ya bushe, ƙwallayen sun canza launi, kejin da ke riƙe su ya fara tsagewa. Na daɗe ina kallon abin nan a hannuna ina tuna yaran da nake ɗaukowa a kai.

Kwalar a wajen masu tsofaffin kayan babur na samo ta daga wani hob irin nawa, na sayi boris biyu masu 2RS, na koma wajen bakanike na biyun don ni ban yarda da hannuna wajen bugawa ba, na nuna masa abin da muka gani, kuma gaskiya bai yi musu ba yace shi bai kawo baya a ransa ba tunda na ce masa daga injin nake ji. Na tsaya a kai har aka gama, kaca kuma yatsa biyu kamar yadda Tsohon_DanAcaba yace, ƙanena ya hau muka sake aunawa. Shaf ɗin ƙaramin siroket ba motsi ba yoyo. Yau na je har makaranta na dawo duk da ba aiki don kawai in ji, na kai 70 shiru, har na ji baburin ya fi sakin jiki a gangara.

Sai dai Baba tambaya ɗaya ta rage, yanzu da wancan ya tafi ina jin wani ɗan siririn kuka kaɗan ta ɓangaren dama wajen murfin kuloci, shi wannan totur yake bi, ko a tsaye in na murɗa yana hawa in na saki ya sauka. Bashi da ƙarfi sai ka kasa kunne. Shi ma abin damuwa ne?

Mai_Boxer:

Masha Allah barka malam. Ni ma yau zan leƙa nawa don an canza min boris da azumi kuma ban tsaya a kai ba

Baban_Gareji:

Barka da arziki malam, Allah ya tsare gaba.

Wancan na dama da kake ji haƙoran da ke haɗa kiranshaf da kwandon kuloci ne, ƙarami yana juya babba, kowane CG yana da wannan 'yar muryar tun yana sabo, ina kyautata zaton tun zamanin mahaifinka take nan, yanzu ne kunnenka ya buɗe. Muddin bata ƙaru ba, ba ƙwanƙwasa a cikinta, a bar ta.

Amma tunda ka ce ba a taɓa buɗe ƙasa ba, akwai abu biyu da nake so a yi a canjin mai na gaba, kuma ba sauke injin a ciki. Honda ta fito da CG a 1975 ne musamman don ƙasashe irin namu inda ba a cika canza mai a kan lokaci ba, shi ya sa bashi da taimin cen, wato kacar cikin injin, sanduna ne suke tura bawul, kuma bashi da filtar takarda da ake jefarwa. Abin da yake da shi rariya ce ƙarama da sifirin a bayan babban murfin nan na ƙasa ta hagu mai cin sifana 24, a fito da ita a wanke da fetur, a kula yadda take zaune don a mayar daidai. Na biyu a cikin murfin dama, a bakin kiranshaf akwai wani kofi mai murfi da sukuru uku, yana juyawa da injin yana wurga dattin mai ya manne a bangonsa, in shekaru sun yi yawa za ka tarar da shi cike da baƙin abu kamar kwalli ya daskare. A kankare a wanke, a sa sabon gaskit a murfin dama, kar a yarda a mayar da tsohon da gam.

Man da aka juye kuma ka tara shi a farin kwano mai tsabta ka fita da shi rana ka karkata. In ka ga ɗan ƙyalli kamar gari kaɗan ba komai, in ka ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa zai iya ji, ka ɗauki hoto ka sa mana a nan in gani kafin kowa ya taɓa maka injin.